Alkama Da Tanderu: Daga Kasuwar Kurmi Zuwa Bompai

A zamanin da, alkama ba ta cikin hatsin da talakan ƙasar Hausa ya ke dogara da shi. Gero da dawa su ne abincin kullum, su a ke shukawa da damina, su a ke zubawa a rumbu. Ita alkama ba ta son zafi, ba ta kuma son ruwan damina mai yawa. Sai ruwa ya ɗauke, hunturu ya kama, sa'an nan a ke shuka ta a bakin rafi ko cikin fadama, a riƙa ba ta ruwa da jigo har ta nuna. Wanda ya shuka cikin watan Nuwamba ya kan girbe wajen watan Maris, kafin zafin bazara ya ƙone zangarniya. Aiki ne mai wuya, gonar kuwa ba ta da faɗi, don iyakarta abin da mutum zai iya shayarwa da guga da ƙarfin damtsensa. Saboda haka ta fi gero da dawa tsada nesa ba kusa ba. Ta zama abincin sarakuna da attajirai da manyan malamai, talaka kuwa sai da salla ko biki ya ke ɗanɗana ta.

Sunayen da ke tattare da ita sun isa su nuna hanyar da ta biyo. Kalmar alkama daga Larabci ta fito. Haka alkubus, wanda asalinsa sunan burodi ne a bakin Larabawa, haka alkaki, haka gurasa, har da tanderun da a ke gasa ta a ciki. Fatake ne suka zo da waɗannan abubuwa daga Arewa, ta hanyar hamada. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka kafa Kasuwar Kurmi, baƙi suka yi ta sauka kewaye da ita. Daga baya Larabawan Gadamus da na Tarabulus suka zauna a birni da iyalinsu da kuyanginsu, suka auri 'yan gari. Unguwar da a ke kira Dandalin Turawa tasu ce, don a wancan lokaci in Bakano ya ce Bature, Balarabe ya ke nufi. Mutumin da ya tashi da cin gurasa a garinsu ba ya haƙura da ita don ya yi ƙaura. A cikin waɗannan gidaje ne matan Kano suka koyi sarrafa alkama, har abin ya fita daga soron Balarabe ya shiga kasuwa.

A cikin watan Janairu na 1824, zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wani Bature mai yawon duniya, Hugh Clapperton, ya iso Kano daga Barno. Ya zaga kasuwa, ya rubuta abin da ya gani. Cikin abin da ya ambata har da abinci iri uku na garin alkama. Ɗaya ya kamanta shi da wata 'yar gurasa mai laushi ta ƙasarsu, ɗaya murɗaɗɗe ne, na uku kuwa ƙanana ne masu kumburi, a na kwarara musu zuma da man shanu. Wanda ya san abincin Kano zai ce da alama gurasa ya gani, da alkaki ko wani ɗan'uwansa, da funkaso. Watau tun shekara 200 da suka wuce, kafin jirgin ƙasa, kafin kanti, a na sayar da abincin alkama a bakin hanya a Kano, mai zaƙi da marar zaƙi.

Gurasa ita ce babbarsu, aikinta kuwa na mata ne a cikin gida. Da can sai an wanke alkama, an shanya, an niƙa a dutse, an tankaɗe, kafin a zo ga kwaɓi. A kan bar kwaɓin ya kwana ya tashi da tsaminsa. Yis na kanti baƙo ne na baya-bayan nan. Tanderu kuwa wata babbar tukunyar ƙasa ce mai kauri. A kan hura wuta a cikinta da kara ko itace har jikinta ya ɗauki zafi, wutar ta kwanta ta zama garwashi. Sa'an nan mai yi ta jiƙa hannu, ta gutsuro kwaɓi, ta faɗaɗa shi a tafinta, ta zura hannu cikin wannan zafi ta manna shi a jikin tanderu. In ya gasu ta ɓamɓaro. Mai kallo zai ga abin kamar wasa, amma in kwaɓi ya cika ruwa sai ya zame cikin toka, in tanderu ya cika zafi sai bayan gurasa ya ƙone cikinta ɗanye. Ba ma'auni, ba agogo, hannu ne ke gaya mata. Yawanci tun da asuba a ke fara gashi, don gari na wayewa 'yan talla da 'yan sari su ɗauka. Unguwannin Jakara da Ceɗiyar 'Yan Gurasa sun yi suna da wannan sana'a, ta biyun ma daga gare ta ta sami sunanta.

Ita gurasa ba ta zaɓen abokin tafiya. A na cinta da miya, a na cinta da tsire ko balangu. A na yayyafa mata ruwa, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa, ta zama bandashe. Mai son zaƙi kuwa ya dangwala ta da zuma. Alkaki shi ne na biki. A kan ɓarza alkama, ba a niƙa ta lilis ba, a murza ta da mai, a kwaɓa, a bari ta yi tsami, a kirɓa a turmi har ta yi danƙo, a murɗa, a soya, a tsoma cikin zuma ko narkakken sukari. In ya yi kyau ya kan daɗe bai lalace ba, shi ya sa ya shiga cikin garar amarya tare da nakiya da dubulan. Uwar da ta kai 'yarta ɗaki ba alkaki ta san za a yi da ita.

Haka abin ya ke har Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Ba su zauna cikin birni ba, suka yi barikinsu a gabas, wajen Nasarawa da Bompai. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, kantuna irin na John Holt da Kamfanin Neja suka buɗe, farin garin alkama na ƙasashen waje ya fara shigowa. Shi ne Hausawa suka kira fulawa. Bature ya zo da nasa irin gashi, amma ba shi ke yi da hannunsa ba, kuku ke yi. Kuku shi ne mutumin da ya fara koyon burodin Turawa da kek a ƙasar nan. In a na rangadi, inda babu murhun ƙarfe, sai ya gyara garwar kananzir ta zama tanda, ya sa garwashi sama da ƙasa.

Cikin abubuwan da matan Turawa ke koya wa kuku akwai wani ɗan curin burodi da su ke kira sikon, wanda su ke ci da shayin la'asar. Asalinsa daga Sikotlan ne, ƙasar su Clapperton, inda a da a ke yinsa da garin wani hatsi nasu na talakawa, a gasa a kan faifan ƙarfe. Abin da ya raba shi da gurasa shi ne ba a jiran ya tashi. A 1843 wani mai haɗa magunguna a birnin Birmingham, Alfred Bird, ya haɗa wata hoda wadda in ta sha ruwa ta ji zafi sai ta saki iska a cikin kwaɓi. Ita ce matan Kano ke kira bakar hoda, ko da ya ke fara ce sol. Kunne ne ya juya sunan Ingilishi. Da wannan hoda sai a murza man shanu mai sanyi cikin fulawa da yatsu, a zuba madara, a haɗa sama-sama ba tare da kirɓi ba, a yanka, a gasa da wuta mai ƙarfi. Kafin ruwan shayi ya tafasa sau biyu an gama. In an cika murza kwaɓin sai ya yi tauri, watau abin da ke gyara alkaki shi ke ɓata sikon. A na yin mai zaƙi da sukari da zabibi, a na yin mai gishiri da cuku ko da gutsattsarin naman alade da aka yi wa gishiri aka ƙyafe.

Wannan nama na ƙarshe bai taɓa shiga madafar Musulmin Kano ba, ba kuwa zai shiga ba. Abin mamaki, a tsakiyar ƙarni na 20 an yi wata babbar gonar aladu a wajen Kano, ta wani Kwara, a na loda su a jirgin ƙasa zuwa Ikko. Amma cinikin na Turawa ne da waɗanda addininsu bai hana su ba. Abin da gidajen Hausawa suka karɓa daga kuku shi ne dabarar, suka bar abin da ba nasu ba. Inda Baturiya ta sa alade, Bahaushiya ta sa niƙaƙƙen naman sa ko na rago da albasa da attaruhu. Fanke da cincin da kek suka shiga gida ta hannun kuku, da matan Sabon Gari, da 'yan matan da aka koya wa girki a makaranta. Wadda ba ta da tanda ta zuba yashi a gindin tukunya, ta jera gwangwanayen madara a kai, ta rufe, ta ɗora garwashi a kan murfi. Har yau a na gasa kek ɗin salla haka a gidaje da yawa.

Burodin sayarwa kuwa daga Kudu ya hauro. A Ikko aka fara shi, a hannun 'yantattun bayin da suka komo daga Birazil da Saliyo, daga baya wani mutumin Jamaika, Amos Shackleford, ya shahara da shi har a na ce masa sarkin burodi. Ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwar Kudu suka zo da shi Sabon Gari. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, jiragen ruwa suka yi ƙaranci, fulawa ta yi wuya, Gwamnati ta shiga ƙarfafa wa manoman Arewa su shuka alkama. Da yaƙi ya ƙare, jirage suka dawo, aka koma wa ta waje. Wannan shi ne karo na farko da aka tuna da alkamar gida don ta waje ta yanke, aka kuma manta da ita da hanya ta buɗe.

Abin da ya mai da burodi abincin talaka shi ne aikin albashi. Daga shekarun 1950 aka fara kafa masana'antu a Bompai, na man gyaɗa da alewa da turare da takalma da saƙa, daga baya aka buɗe Sharaɗa da Challawa. Lebura da zai shiga aiki da sassafe ba ya iya jiran a ɗumama tuwo, sau da yawa ma gwauro ne, ya baro iyali a ƙauye. Sai mai shayi ya kafa teburinsa a bakin ƙofar kamfani, ga gwangwanin madara, ga burodi a jere. Burodi ba ya bukatar wuta, ba ya bukatar kwano, ya kan kwana biyu bai lalace ba. Tuwo ba ya iya gasa da shi a wannan fage.

A 1960 aka kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria, a 1962 injinsa ya fara niƙa a Apapa, bakin teku. Daga nan maimakon a sayo fulawa, sai a sayo ƙwayar alkama, mafi yawa daga Amurka, a niƙa a nan. Da cinikin Arewa ya ƙaru, aka kafa Northern Nigeria Flour Mills a 1971, ya fara aiki a 1975 a titin Maimalari cikin Bompai. Alkamar da ya ke niƙawa sai ta ƙetare teku, sa'an nan ta yi tafiyar mil wajen 700 daga Ikko zuwa Kano.

Niƙan inji dabam ne da na dutse. Dutse ya kan murƙushe ƙwaya gaba ɗaya, da ɓawonta da ɗan idon da ke tsirowa, shi ya sa garin ke fita ja-ja, kuma ba ya daɗewa sai ya canja ɗanɗano saboda man da ke cikin idon. Inji kuwa ya kan jiƙa ƙwayar kaɗan, ya bi da ita tsakanin waɗansu gammunan ƙarfe masu juyawa, ya fasa, ya tankaɗe, ya sāke fasawa, har farin ciki ya rabu da ɓawo. Farin shi ne fulawa, ɓawon shi ne dusar da masu kiwo ke saye. Ta wajen amfanin jiki garin dutse ya fi, don abin da inji ke cirewa ba banza ba ne. Amma fulawa ta fi jure ajiya, alkamar Amurka kuma ta na da danƙon da ke riƙe iska, burodi ya tashi ya cika gwangwani. Mai gurasa ta ga an hutar da ita wanki da shanya da niƙa da tankaɗe, ga kuma araha. Wa zai ga laifinta? Dutsen niƙa ya koma bayan ɗaki.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma Gwamna Audu Bako ya gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, daga 1971 zuwa 1974. Aka ja ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, alkama na cikin manyan abubuwan da aka yi niyyar nomawa da rani. Ga inji a Bompai, ga ruwa a Tiga, mai hankali zai zaci ɗaya zai ci da ɗaya. Ba haka ta kasance ba. Kuɗin man fetur sun shigo, an yi ƙarin albashin Udoji a 1975, Naira ta yi ƙarfi har ta fi Dalar Amurka daraja. Alkamar da ta ƙetaro teku ta fi ta Kadawa araha a kasuwar Kano. Manomi ya yi lissafinsa, ya ga tumatir da albasa da masara sun fi biyansa, ya juya gare su. Kafin tsakiyar shekarun 1980 abin da Nijeriya ke sayowa na alkama ya haura tan miliyan ɗaya a shekara. A 1985 waɗansu masana biyu, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka rubuta littafi a kan wannan al'amari, suka kira shi tarkon alkama: ƙasa ta saba da abincin da ba ta iya nomawa yadda zai ishe ta.

Da kuɗin mai suka ja baya, Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama daga watan Janairu na 1987. Nan da nan fulawa ta yi tsada, gidajen burodi da yawa suka rufe, injinan niƙa suka rasa abin niƙawa, aka sallami ma'aikata. Manoman rani na Kano kuwa suka ga kasuwar da ba su taɓa gani ba, har waɗanda ba su taɓa shuka alkama ba suka shiga. Amma abin da aka noma bai kusa cike gurbin ba. 'Yan fasa-ƙwauri suka riƙa shigo da fulawa ta Kwatano da ta kan iyakar Nijar, masu sayar da alkama na Amurka suka yi ta matsa lamba, masu injina suka yi ta kuka. Wajen ƙarshen 1992 aka ɗage hanin, manomi ya sāke komawa ga tumatir da shinkafa. Injin Bompai ya koyi nasa darasi daga irin waɗannan shekaru, ya shiga niƙa masara da dawa, hatsin da ba sai an jira jirgin ruwa ba.

Ba lalaci ne ya kawo haka ba, yanayin ƙasa ya na da nasa hannu. Sanyin da alkama ke so kwanakinsa ƙididdigaggu ne a ƙasar Kano. In an makara da shuka, ko don shinkafa ba ta tashi daga gona ba, ko don taki da iri ba su iso a kan kari ba, zafin Maris ya kan riske ta tun ƙwaya ba ta cika ba. Ga jan-baki, ga kuɗin man injin ban ruwa. An yi ta fito da irin da ke jure zafi, an yi ta ƙaddamar da shirye-shirye, amma har yanzu abin da a ke nomawa a Nijeriya bai kai kashi 5 cikin 100 na abin da a ke ci ba.

Wanda ya fi jin wannan a jikinsa shi ne mai ƙaramin jari. A 2022 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, ƙasashe biyu da ke cikin manyan masu sayar da alkama, farashinta ya hau a duniya. A watan Yuni na 2023 aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta faɗi warwas. Buhun fulawa ya ninka, ya sāke ninkawa. Mai gurasa ba ta iya ƙara kuɗi yadda fulawa ke ƙaruwa, don masu sayenta almajirai ne da leburori da masu turin kura. Sai ta rage girman curi, in abin ya faskara ta kashe wuta. A farkon watan Fabrairu na 2024 mata masu gurasa suka fito kan titi a birnin Kano, su na kuka da tsadar fulawa. Da yawansu zawarawa ne da masu riƙon marayu, waɗanda ba su da wani abin yi sai tanderun da suka gāda.

Alkamar gida dai ba ta ɓace ba. A na kawo ta kasuwar Dawanau da sauran kasuwannin hatsi daga Kadawa da ƙasar Haɗejiya, a na auna ta da kwano. Masu sayenta su ne masu tuwon alkama, da masu funkaso da alkubus irin na da, da kuma masu alkaki, don alkaki ba ya yiwuwa da fulawa. Sai an sayi ƙwaya an wanke, an kai ta injin unguwa, an gaya wa mai inji ya ɓarza kawai, kada ya niƙe.